Halliru, Ungozomar Ƙuda

Idan ka sauka a Gangaren Kanya, wani ɗan gari da ke gefen hanyar Kazaure zuwa Babura, ka tambayi Halliru mahauci, za a ce maka, "Wane Hallirun? Ungozoma?" Kada ka yi dariya da wuri. Za a nuna maka wani ƙaton mutum mai gemu, hannunsa kamar taɓarya, yana sara ƙashi yana waƙa ƙasa-ƙasa. Kira shi da sunan ka gani. Zai ɗago kai ya amsa da fara'a, har ya ba ka kujera, kuma ranar ka gama kasuwarka, domin sai ka ji labarin tun daga tushe.

Fawa gadonsa ce. Ubansa, marigayi Muhammad Sani, mutum ne mai ƙa'ida ɗaya da garin kaf ya san shi da ita: ba ya kwantai. Abin da ya yanka da safe, kafin rana ta faɗi ya rabu da shi. In ya yi saura ya miƙa wa mai tsire, ko ya aika gidajen maƙwabta, amma nama bai taɓa kwana ya dawo teburinsa ba. A kan wannan teburin Halliru ya tashi. Ɗan mahauci kuwa kafin ya taɓa wuƙa, izga ake fara ba shi, wato wutsiyar saniya, a ce kori ƙuda. Halliru ya kori ƙuda har hannunsa ya koyi yi shi kaɗai. Ko a masallaci aka ga hannun nan yana kaɗawa, an san ba shi ya sa shi ba. Da uban ya rasu sai ya bar masa teburin, da suna mai kyau, da wata tsohuwar wuƙa mai ƙotar fata wadda wasawa ta cinye har ta zama siririya.

Ya bar masa kuma Inna Dela. Ita ce mai tuwo a bakin tasha, tun Halliru yana rarrafe take sayen nama a wannan teburi. Kowa in ya zo sai ya juya tsoka, ya latsa, ya kai hanci. Ita ba ta taɓa yi ba. Kwanonta kawai take direwa ta ce, "Na kullum," ta juya baya tana gaisawa da mutane, in ta dawo ta ɗora faifai a kai ta wuce. Halliru bai taɓa gaya wa kowa ba, amma wannan juya bayan na Inna ya fi masa duk wani yabo daɗi.

Haka rayuwa take tafiya lami lafiya, har wata ranar kasuwa da bazara, wata mata ta tsaya gaban teburinsa da hular rana da jaka a baya. Ta yi gaisuwa da Hausarta ta mutanen Filato, ta ce sunanta Priscilla, malama ce a wata makaranta a Kazaure. Sannan ta ce, ba ko kunya, "Malam, kana da hanta wadda ta ɗan lalace?"

Halliru ya ajiye wuƙa. "Malama, a teburin nan? Wa ya aiko ki?"

Matar nan ta rikice, ta shiga ba da haƙuri. Ashe ba ci za ta yi ba. Ƙudaje take kamawa, bincike take yi a kansu don karatunta, tana son sanin wane iri ne ke zaune a wane wuri, kuma ba abin da ke kiransu kamar ruɓaɓɓiyar hanta. Halliru ya kwashe da dariya har da dukan tebur. Ya ce in ƙuda take so ta kawo buhu, shi zai ba ta kyauta, ai ƙuda ƙuda ne. Sai ta fiddo wata 'yar kwalba da gilashin ƙara girman abu, ta ce ya duba.

Wayyo, da ya san abin da zai biyo baya! Ya kai ido, ya ɗago, ya sake kai ido. Wannan ba koren ƙudan da ya saba gani ba ne, ba kuma ɗan ƙaramin na gida ba. Launinsa toka-toka, idanu jajur, ga zane baƙi guda uku a gadon bayansa kamar an ja da alƙalami, ga ciki mai ɗigon fari da baƙi sak zanen saƙi. "La ilaha illallahu," in ji Halliru, "wannan ai ado ya ci! Tun ina yaro nake dukansa ban taɓa ganin rigarsa ba." A nan take ya raɗa masa suna Mai Saƙi. Malama ta ce a littafi ana kiran danginsa ƙudan nama, amma sunan Halliru ya fi.

Daga ranar mutumin nan ya kamu. Malama na bukatar mai babur da ya san lunguna, shi kuwa yana da babur, kuma ba ƙauyen da bai je sayen dabba ba. Ranakun da ba kasuwa sai su ɗauki hanya. Tarkon ba wani abu ba ne, gorar ruwa ce ta roba a yanke wuyanta a kifa shi ciki, a sa hanta ko kan kifi a ƙasa, a rataye a reshe. Sun rataya a kan duwatsun Roni inda zafi ke tashi daga ƙasa har ya dafa tafin ƙafa. Sun rataya a bakin dam na Kazaure cikin inuwar mangwaro, da gonakin Gwiwa, da bayan karar shanu ta Babura inda 'yan Nijar ke ciniki da sefa, da gefen wata ruga inda Fulani suka tsaya suna kallonsu kamar sabbin mahaukata.

Ranar kwance tarko kuwa, Halliru ba ya iya karin kumallo don ɗoki. Tun daga nesa yake ihu, "Malama, ya cika! Wallahi ya cika!" Ita ke ƙirgawa, shi ke warewa, kuma da warewar ya fara lura da abin da ya sa shi rawar jiki. Gorar da aka rataye a inuwa kusa da ruwa ko a tsakiyar mahauta, koren ƙuda ke cika ta maƙil, su zo da hayaniya kamar 'yan biki. Mai Saƙi kuwa ba ya son turmutsitsi. Ya fi yawa a gorar da ke fili, a rana, a gefen gari, inda kashin dabbobi yake. Zuwa yake shi kaɗai, ya sauka nesa kaɗan, ya yi ta kallo, sannan ya matso. Malama ta ce ba iri ɗaya ba ne ma, dangi ne babba, sai an sa mazan a ƙarƙashin na'ura ake bambance su. Ta ce akwai waɗanda ba ruwansu da nama, a jikin fara 'ya'yansu ke girma. Halliru ya riƙe baki. Ranar, suna kan babur shi da Malama, ya kusa jefa su a rami don waiwaye yana tambaya.

Amma abin da ya gama da shi a kan dutsen Roni ya faru. Malama ta kama wata ƙatuwar ta-mace a kwalba da ɗan guntun hanta, ta ce ya zuba ido. Shi dai ya san koren ƙuda ƙwai yake zubawa, fari-fari a manne, sai ya kwana kafin ya zama tsutsa. Kowane mahauci ya san wannan. Sai ga wannan ta tsaya, ta sunkuyar da bayanta, ta ajiye wasu 'yan ƙananan abubuwa, kuma abubuwan nan suna motsi! Ba ƙwai ba, tsutsa ce da ranta, tana sauka tana neman wurin shiga. Halliru ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. "Haihuwa! Malama, haihuwa take yi kamar akuya!"

Bai tsaya ko'ina ba sai rumfar mahauta. Ya ba da labari da hannu da ƙafa. Abokan sana'a suka saurara har ƙarshe, sannan wani ya ce, "To barka. Yaushe ne suna?" Wani ya ce shi zai kawo rago. Wani ya tambaya ko mai jegon ta fara wanka. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, ba wanda ya yarda ko da wasa.

A gida kuma matarsa Sadiyya ce ke fama. Hantar tarko sai ta ruɓe, don haka yana saye da kuɗinsa ya rufe a gwangwani can bayan gida. "Maigida," take cewa, "ni ba ƙudanka ne damuwata ba. Mahauci ne kai. Mutane na ganinka kana ratsa gari da abu mai wari a bayan babur. Me kake so su ce?" Ya ce kowa ya san ɗan wane ne shi. Gaskiya ta faɗa, shi ne bai ji ba. Maganar ta riga ta fara yawo a ƙasa-ƙasa: ina Halliru ke kai ruɓaɓɓen nama, kuma daga ina yake samo shi?

Sai wata ranar kasuwa, bayan ruwan farko, Inna Dela ta karɓi na kullum da hantsi ta tafi. Kafin azahar sai ga ta ta dawo, ba sallama, kwano a hannu. Ta dire shi a tebur ta ɗage faifan. A cikin tsagar naman, wasu 'yan farare ƙanana suna motsi.

"Halliru," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ni za ka yi wa haka? Ni da ban taɓa duba namanka ba?"

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kafin ya buɗe baki rumfa ta cika. Hujjar kuwa a wurinsu ba ta da makawa: tsutsa ba ta fita a naman yau, sai wanda ya kwana. In ya kwana, kwantai ne. Wani daga baya ma ya furta kalmar da ba a faɗa wa mahauci, ya ce wa ya sani ko mushe ne, tunda an sha ganinsa da gwangwanin wari. Halliru ya rantse da safen nan ya yanka, ya ce Mai Saƙi ce ta haihu a kai. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, tsaki aka yi.

Sarkin Fawan garin, Muhammadu Lawal, dattijo ne, abokin uban Halliru. Ya zo ya duba kwanon da kyau. Sannan ya miƙa hannu. "Ba ni wuƙar Sani. Ba za ta yanka a kasuwar nan ba sai an wanke maganar nan."

Halliru ya miƙa wuƙar da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. "Ranka ya daɗe, a ba ni kasuwa mai zuwa. In ban nuna muku da idonku ba, a riƙe ta har abada."

"Don darajar ubanka," in ji dattijon.

Halliru ya kira Malama a waya. Hankalinta ya tashi, ta ce laifinta ne, za ta zo da littafi da hotuna ta yi musu bayani. Ya ce a'a, in ta zo za a ce ya ɗauko lauya ne, kuma hoto ba ya motsi. Ta ce, "Malam Halliru, ka sani fa Mai Saƙi ba da umarni take haihuwa ba. In ba ta zo ba fa?" Ya ce ya sani. Suka zauna a waya suna tuna gorunan da suka fi kama ta, da inda aka rataye su, da lokacin da rana ta fi kawo ta.

Ranar ta zo, kasuwa ta watse ta koma kallo. Halliru ya fara da gaggawa, kuma gaggawar ta kunyata shi. Ya cafke wani Mai Saƙi da tafin hannu, ya matse cikinsa a gaban jama'a don tsutsa ta fito. Ba abin da ya fito. Ya duba da kyau, gumi ya keto masa. "Namiji ne," ya ce. Rumfa ta ɗauki ihu. "Ashe angon ka kamo!" Har Sarkin Fawa sai da ya kau da kai yana gyara rawani.

Halliru ya share fuska ya ce a yi masa abu ɗaya. Sarkin Fawa ya yanko tsoka daga akuyar da shi da kansa ya yanka da safen nan a gaban kowa, ya ɗauke ta da hannunsa, kada Halliru ya taɓa. Aka yi haka. Halliru ya ce ba a rumfa ba, nan fadar koren ƙuda ce. Ya ja su can bayan kasuwa, gefen turakun dabbobi, inda wata guntuwar katanga take a tsakiyar rana. Inna Dela na ganin katangar ta ɗan tsaya. Aka ɗora naman a kai.

"Saura sharaɗi," in ji Halliru. "Kowa ya zauna a kan hannunsa. Kada wanda ya kori ƙuda."

To, a nan ake yin ta! Ka tara mahauta, ka ajiye nama a gabansu, ka ce kada su kori ƙuda. Ai azaba ce. Koren ƙuda na farko na sauka hannaye suka tashi sama gaba ɗaya kamar an ba da umarni. "Hannu!" in ji Halliru. Aka mayar. Wani ya cusa nasa a aljihu, wani ya harɗe a ƙirji yana cije leɓe, wani aka ƙwace masa izga da ƙarfi. A lokacin ne Halliru ya gane abin da ya sa ba wanda ya taɓa gani. Su da iyayensu da kakanninsu sun ƙare rayuwa a kan nama, amma ba wanda ya taɓa barin ƙuda ya gama abin da ya kawo shi.

Rana ta take. Gumi na bin wuyan kowa. 'Yan kallo na baya suka fara zamewa, ana cewa a tashi haka nan, an ɓata wa mutane ciniki. Halliru na tsugune yana addu'ar da bai taɓa zaton zai yi ba, Allah Ya kawo ƙuda.

Sai ga ta. Ƙatuwa, toka-toka, jan ido, ta sauka a ƙarshen katangar nesa da naman. Ta tsaya tana murza hannuwa. Halliru ya nuna ta da haɓa, ko numfashi ba ya yi. Ta matso, ta tsaya, ta tashi, jama'a suka ce "Ash!" Ta zagayo ta sauka a kan tsokar sosai, ta bi gefenta har ta sami tsaga. Hannun Sarkin Fawa, wanda ya fi kowa daɗewa a sana'ar, ya tashi shi kaɗai zai kai mata duka. Inna Dela ce ta cafke hannun rigarsa.

"Lawal, ajiye hannunka!"

Tsohon ya daskare. Mai Saƙi ta sunkuyar da bayanta, ta ɗan ja gaba, ta sake sunkuyarwa, sannan ta yi tafiyarta abinta. Sarkin Fawa ya matsa, ya durƙusa, ya kai fuskarsa dab da naman da ya yanka da hannunsa, wanda ko sanyi bai gama yi ba. Ga su nan, 'yan farare, suna motsi suna shigewa tsaga.

"Allahu Akbar," ya ce. "Ta haihu."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Kabbara, ihu, turereniya, kowa na son kai ido. Masu tambayar ranar suna su ne a gaba wajen rantsuwa cewa sun gani. Wani ya ɗaga hannun Halliru sama yana cewa, "Ungozoma! Ungozoma ta karɓi haihuwa!" Halliru na dariya hawaye na zuba, yana nuna katanga yana bayanin rana da inuwa da gorunan Roni, ba mai sauraronsa. Sarkin Fawa ya zaro wuƙar daga cikin riga ya miƙa masa ta wajen ƙota. Ya ce daga yau gwangwanin wari ya bar bin tsakiyar gari, kuma kowane mahauci ya nemi abin rufe nama. Halliru ya ce ya ji, ya karɓa.

Har yanzu yana fita da Malama in ta samu hutu, kuma an ce sun kai tarkonsu har Yankwashi. Teburinsa ne na farko da aka yi wa akwatin raga a kasuwar. Amma in yana ba da labarin, ba a kan kabbara yake tsayawa ba. Yakan ce duk wannan bai kwantar masa da hankali ba, domin da ya waiga a cikin taron, Inna Dela ba ta nan. Ya koma teburinsa ya zauna, wuƙa a hannu, bai yanka komai ba ranar.

Sai kasuwa ta gaba, da hantsi, ya hango ta tafe. Ta tsaya a gabansa, ta kasa haɗa ido da shi.

"A kan katangar nan na ajiye kwanon ranar," ta ce. "Na tsaya yi wa wata gaisuwar rasuwa, faifan ya zame ban kula ba. Ɗan nan, na ci amanar ubanka."

"Haba Inna, wallahi ban riƙe ki ba." Ya yanko tsoka mai kyau ya miƙo mata da hannu biyu. "Ga shi, duba da kyau. Ki latsa, ki sunsuna."

Ba ta ko kalli naman ba. Ta dire kwanon a kan tebur.

"Na kullum," ta ce, ta juya masa baya tana gaisawa da mutane.